Akwatin da Ba Ya Rawa

Tun da hantsi Baba Kunne ya kasa zama wuri ɗaya. Ya share teburin aiki, ya kakkaɓe garin katako daga kan benci, ya matsar da kujerarsa kusa da bango, ya sake dawo da ita inda take. Sau uku yana leƙa titi. Ruwan da ya zuba a kofi yana nan bisa kanta, ya manta bai sha ba.

Shekara arba'in da ɗoriya yana haɗa akwatunan lasifika a wannan shago, manya masu tsawon mutum, irin waɗanda sai ƙarti huɗu sun kama kafin a ɗora su a mota. Amma ba zarto da gam ne suka yi masa suna ba. Kunnensa ne, har laƙabin ya danne sunansa na yanka. Mai ɗakin taro in zai sayi kayan sauti, nan yake fara kawowa. Haka mai shagon aski, haka direban da ke son motarsa ta riƙa gurnani. Baba Kunne ya saurara, ya ce wannan cikinta fanko ne, waccan ta hanci take magana, kuma yadda ya faɗa haka ake tararwa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kunnen ya tafi. Na hagu ya mutu shekara biyar da suka wuce, ba sallama. Na dama yana nan da sauran rai, sai dai wani ƙugi ya tare a cikinsa, kamar babbar mota da aka tsayar a bayan gida ba a kashe injin ba. Magana yana tsintar ta, rabi da kunne, rabi da kallon leɓe. Amma ƙasan sauti, wannan amo mai zurfi da yara ke kira bes, shi kam da ya shigo sai ya narke cikin ƙugin, ba a ƙara ganin sawunsa.

Sai ya koma ga tafin hannu. In an kunna lasifika, yakan dafa gefen akwatin kamar mai duba zazzaɓi, katakon ya riƙa gaya masa inda sautin ya sauka da inda ya tsaya. Mutane suka ɗauka wani sabon salon gwaninta ne, har wasu suka fara kwaikwayo. Ya taɓa jin an ce giwa da ƙafa take jin kiran 'yar'uwarta daga nesa, ta cikin ƙasa. Maganar ta zauna masa. Yakan hango su a ransa, giwaye tsaye cik a dawa, ba mai motsi, kowace tana sauraro da tafin ƙafa. In dabba ta iya, shi mene ne nasa?

Ana iya rufe idon baƙo da wannan dabara. Amma yau ba baƙo ne zai zo ba. Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke haɗa sautin waƙoƙi da tallace-tallace a wani situdiyo. Cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta gaji kunnensa. Yanzu tana shirin buɗe ɗan ɗakin aikinta, kuma wata shida ke nan tana nuna masa hoton wasu ƙananan lasifiku a waya. An samo mata su, amma ta ce ba za ta karɓa ba sai Baba ya ji.

Gab da azahar mota ta tsaya a ƙofa. Auta ta shigo da jakar wayoyi a kafaɗa, ta rusuna ta gaishe shi. Bayanta ga Ɗan Wat rungume da kwali, yana nishi. Ɗan wani tsohon abokinsa ne, mai sayar da kayan sauti, wanda ba ya iya jera magana biyu bai ambaci wat, ma'aunin ƙarfin wuta, ba. Baba Kunne yana son hira da shi, don bakinsa faɗi gare shi kuma ba ya magana a hankali. Aibinsa ɗaya, abin da ya ji da safe, kafin rana ta take duk titi ya sani.

"Baba Kunne, yau na kawo maka abin da zai sa ka ajiye zarto."

"Ubanka ma haka ya ce ranar da ya kawo rediyo mai batir shida. Ajiye nan. A hankali mana, ba buhun gawayi ba ne."

Ɗan Wat ya koma ya ɗauko na biyu. Suka zare soso, suka fito da su. Baƙaƙe ne wuluk, kowace ba ta fi bulo ɗaya girma ba, gefunansu a murɗe, ba kusurwa, ba ko alamar ƙusa. Baba Kunne ya sa hannu ɗaya zai ɗaga, abu ya ƙi. Ya sa biyu.

"Me suka zuba a ciki, dutse?"

"Amfilifaya biyu masu tura sauti a cikin kowace, ɗaya na ƙaramin baki, ɗaya na babba. Ka ba ta wuta, ka sa waya, shi ke nan. Wat ɗari uku, Baba. Waccan ƙatuwar taka ta lungu nawa take ci?"

"Ɗari da hamsin ya ishe ta."

"To ka gani. Ninki biyu."

"Ninki biyun me?"

"Na ƙarar sauti mana."

Baba Kunne ya ja kujera ya zauna, ya miƙe ƙafa. Wannan fage nasa ne, ba ya bukatar kunne a cikinsa.

"Kai Ɗan Wat, ka taɓa jin jaki yana kuka, na biyu ya kama masa?"

"Ni a gari na tashi, Baba."

"Shi ya sa. To in na biyu ya kama, kukan ba ya ninkawa. Ɗan ƙaruwa yake yi, kamar an matso da shi taku biyu. Sai ka tara jakuna goma suna yi tare kafin kunne ya yarda an ninka. Haka wat yake. Ɗari da hamsin ko ɗari uku, tazarar jaki ɗaya ce."

"To don me suka zuba ɗari ukun, ado?"

"Don ƙanƙanta. Babban akwati rago ne mai sa'a, ka taɓa shi kaɗan ya yi gurnani. Ƙarami kuwa iskar cikinsa tauri take yi, takardar bakin ba ta son motsi, sai an tura ta da ƙarfin tsiya kafin ta sauka ƙasa. Wutar can take tafiya. Ba don ihu ba ce, kuɗin hanya ce."

Auta tana murmushi tana warware waya. Ta sha jin karatun jakunan nan tun tana 'yar ƙarama. Shi kuwa ya ci gaba. Ya kawo labarin wani akwati da ya taɓa haɗawa daga tsohuwar ƙofa, ya kawo na ɓeran da ya haihu a cikin lasifikar wani ɗakin taro, 'ya'yan suka tashi ba sa tsoron tsawa. Yana magana yana satar kallon hannun Auta. Ta ɗora lasifikun bisa teburin aiki, ta karkata bakinsu wajen kujerarsa, ta sa wuta. Wata 'yar fitila fara ta kama a gaban kowace. Labari ya ƙare masa.

"Wadda na haɗa makon jiya zan sa, Baba," in ji Auta. "Na san kowane lungu nata."

Ta taɓa wayarta. Can nesa cikin kunnen dama ya tsinci wani siririn tsit-tsit da muryar mace, kamar daga gidan maƙwabta. Ya tashi a hankali, ya runtse ido rabi kamar yadda ya saba, ya dafa gefen akwatin.

Ba komai.

Ya mayar da hannun sama. Ya kai shi ɗaya gefen. Ya matsa da yatsu, ya sassauta. Sanyi kawai da santsi, kamar ya dafa bangon siminti. Ya koma kan ta biyu, ita ma haka. Ya jira, ko waƙar ba ta kai wurin da ake sauka ba. Muryar macen ta tafi ta dawo, har yanzu katakon, in ma katako ne, bai ce masa uffan ba.

Sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Ai dama. Ɗan akwati kamar bulo, ina zai samo ciki? Masu talla sun rubuta abin da suka ga dama a takarda, shi ke nan. Ya ɗauke hannu, ya goge a riga.

"Samanta tsaf yake," ya ce. "Amma ƙasa babu. An yanke mata ƙafafu."

Ɗan Wat ya bushe da dariya. "Baba ke nan. Kullum da zolaya."

Baba Kunne bai yi dariya ba. Dariyar Ɗan Wat ta rage, ta tsaya a rabin hanya. Auta tana kallon mahaifinta, wayar na hannunta, ba ta ƙifta ido ba. Ta kau da kai wajen ƙofa, ya ga gefen muƙamuƙinta yana motsi, sannan ta juyo ta sake dubansa kamar mai jiran amsa.

A lokacin ne idonsa ya wuce kafaɗarta. Can bisa kantar shagon, ruwan cikin kofi yana yin zobe-zobe, ya lafa, ya sake. Wani siririn katako da ya jingina a bango yana kakkarwa, garin da ke kansa yana tsalle yana taruwa layi-layi. Gilashin taga ma yana ɗan ƙyalli yana ɗaukewa. Shagon cike yake da bes har bakin ƙofa, shi kaɗai ne a waje.

Auta ta kashe waƙar.

"Mayar da su kwali, Malam," ta ce wa Ɗan Wat.

"Haba ke kuwa. Ke ma fa kin ji."

"Baba ya ce babu." Ta sunkuya tana zare waya, sannan ta ɗago don a ga bakinta. "Ni ma na ji kamar ta yi rauni a can ƙasa."

Ɗan Wat ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya sa ɗan yatsa ya sosa cikin kunnensa, ya duba yatsan kamar zai ga laifin a jiki.

"Ikon Allah. Ni na rantse har a hanjina na ji ta." Ya goge yatsan a riga. "To, ni kunnen talla gare ni. In Baba Kunne ya ce babu, babu. Akwai mutum biyu da ke jiran su ji abin da za ka ce, gara da ban yi saurin baki ba."

Ya fara cusa soso a kwali.

Baba Kunne ya tafi ƙarshen shago, ya ɗauki guduma, ya ajiye. Ya buɗe gwangwanin gam, ya leƙa, ya rufe. Ƙugin kunnensa ya ƙaru, kamar an taka wa motar mai. Ga ƙatuwar lasifikarsa a lungu, ya tsaya gabanta. Ya san abin da ke cikinta: sanduna shida a gicciye, shi ya kafa su da hannunsa. Don me ya kafa su? Don ta daina rawa. Rabin rayuwarsa ya yi yana yaƙi da rawar katako, don akwati in yana rawa, ƙarya yake ƙarawa a kan waƙa. Shi ya koya wa mutane haka. Bai taɓa cin yaƙin ba, ko yaya sai katako ya ɗan motsa, kuma wannan ɗan motsin da ya gagare shi kashewa shi ne ya koma yana bi kamar sandar makaho. Yau an kawo akwatin da ya yi shekara arba'in yana mafarkin haɗawa, ya dafa shi, ya ce ba shi da ƙasa.

To waɗanda ya yaba a 'yan shekarun nan fa? Waɗanda suka fi cika masa hannu, su ya riƙa cewa a saya.

Ɗan Wat ya rungumi kwalin farko ya fita. Auta ta gama naɗe waya, ta zo ta tsaya daidai gabansa, inda hasken ƙofa ke faɗa mata a fuska. Ta yi magana a hankali, tana buɗe baki sosai, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun yaushe me?"

"Ɗazu na juya na tambaye ka ko in ƙara murya. Sau biyu."

"Tunani nake yi."

"Baba."

Ya dubi gudumar da ya ajiye. Ya dubi ƙofa.

"Ya kai shekara uku da hannu nake yi," ya ce.

Ta gyaɗa kai. "Ba wanda zai ji daga bakina. Ko Yaya ba zan gaya wa ba. Ka bar shi ya tafi da su, ai ba su kaɗai ba ne lasifiku a duniya."

"Yaya kika ji su?"

"Ka bar maganar."

"Ina tambayarki, yaya kika ji su?"

Ta dubi wadda ta rage bisa tebur. "Akwai wani kiɗa a can ƙasan waƙar, ni na sa shi da hannuna, amma ban taɓa jin sa sosai ba sai yau. Ashe ma akwai kuskure a ciki, wuri ɗaya ya zarce." Ta ɗaga kafaɗa. "Zan samu wasu."

"Irin waɗannan?"

Ta cusa wayar da ta naɗe cikin jaka.

Ɗan Wat ya dawo yana share gumi. Ya ɗaga ta biyun, ya fara zura ta cikin kwali. Baba Kunne ya taka zuwa tebur, ya dawo, ya sake takawa. Auta ta ɗan girgiza masa kai. Ya san abin da take nufi. In ya yi shiru na minti biyu kacal, mota za ta tashi, gobe wani zai zo da kaya a ka yana neman Baba Kunne, a ba shi kujera, a jira hukuncinsa. In ya buɗe baki, gaban wannan mutumin, daidai yake da ya hau rufin shago da lasifika.

"Fito da ita," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Fito da ita ka ajiye. Ka je ka dawo da 'yar'uwarta."

"Ka canja shawara ne?"

"Ba ni da shawarar da zan canja. Ban ji ba." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, ya gane haka daga fuskar Auta. "Kunnen ya mutu, Ɗan Wat. Ya daɗe. Da hannu nake lalube, wannan kuma ba ta rawa, shi ya sa na yi mata ƙazafi. Ba laifinta ba ne. Abin da ka ji a hanjinka, shi ne gaskiya."

Tun da Baba Kunne ya san Ɗan Wat, bai taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Ya tsaya da lasifika a ƙirji kamar an ba shi jaririn wani ya riƙe.

"Amma ai muna hira da kai," ya ce daga baya.

"Kai ko gawa ta ji maganarka."

Ɗan Wat ya so ya yi dariya, ya fasa. Ya ajiye lasifikar a hankali, ya gyara mata zama.

"To Baba, waɗanda na kawo watan jiya, masu jan baki, da ka ce in mayar..."

"Ban sani ba. Wataƙila na cuce su, wataƙila na yi daidai. Ka kai wa wannan ta ji." Ya nuna Auta da haɓa. "Mutanen nan biyu ma ka turo mata su. Duk wanda ya tambaye ka, ka gaya masa yadda na gaya maka, kada ka ƙara gishiri."

"Ni? Wallahi ba mai ji daga wajena."

"Je ka ɗauko kwalin."

Ya fita. Daga ƙofar shago zuwa mota taku goma ne. Minti ɗaya ya wuce, biyu, uku, ba Ɗan Wat. Auta ta leƙa, ta dawo da kai.

"Waya yake yi?" in ji Baba Kunne.

"Waya yake yi."

"To."

Ya zauna, ya tashi. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya cusa su a aljihu, ya fitar. Auta ta goge ido da bayan hannu, ta warware wayar da ta naɗe, ta sake haɗa guda ɗayan da ta rage.

"Gobe zan kai ka asibiti a duba," ta ce.

"Goben ta zo tukuna. Kunna min kafin 'yan jaje su fara zuwa."

"Zo nan." Ta kama hannun rigarsa ta ja shi can kusurwar shago, bayan tarin katako, inda bango biyu suka haɗu. "A nan bes ɗin yake taruwa. Jingina da wannan allon, ka saki jikinka. Ka cire hannu daga aiki."

Ya jingina. Ta koma ta taɓa waya, ta murɗa wani abu a bayan akwatin. Da farko ba komai sai ƙugin da ya saba. Sannan wani abu ya taɓa shi a tsakiyar baya, a hankali, ya sake shi, ya dawo ƙasa da inda ya fara. Ya bi haƙarƙarinsa ya sauka. Ya zaci ya kai ƙarshe, sai ya ƙara sauka taku ɗaya.

"Daga wannan ɗan abin?" ya ce.

Ta gyaɗa kai.

"Ina wurin da kika ce ya zarce?"

Ta ɗaga yatsa, tana jira, tana ƙirga kiɗan da kai. Wata inuwa ta tare hasken ƙofa, wani ya tsaya yana sallama, bayansa akwai wani. Baba Kunne ya ɗaga musu hannu su dakata, idonsa na kan yatsan Auta.